Gurbin addini a fayil ɗin majinyaci: me ɗaliban asibiti a Legas ke yi da shi?

Duk ɗalibin likitanci da ya fara shiga ɗakin kwanciya, a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ne ko na LASUTH da ke Ikeja ko wani can daban a ƙasar nan, abu na farko da ake so ya ƙware a kai shi ne ɗaukar tarihin majinyaci: suna, shekaru, namiji ko mace, sana'a, aure, unguwa, ƙabila, addini. A gurbin ƙarshen nan yakan rubuta kalma guda, Musulunci ko Kiristanci, ya wuce zuwa abin da ya kawo mutum asibiti. Daga nan har ranar sallama da wuya wani ya sake waiwayar kalmar. Ɗalibar jinya tata takardar ta fi faɗi, domin tsarin Marjory Gordon da ake bi wajen tantance majinyaci yana da sassa 11, na ƙarshensu kan aƙida ne da abin da mutum ya ɗauka da daraja. Amma abin da aka saba gani a wurin bai wuce "yana salla" ko "tana zuwa coci" ba.

Ba ƙarancin imani ne ya jawo hakan ba. Ɗaliban nan, Musulminsu da Kiristansu, masu riƙon addini ne. A Legas aka kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a 1954, ga ƙungiyar ma'aikatan lafiya Musulmi ta IMAN, ga ta likitoci Kirista ta CMDA, duk ɗalibai na ciki. Yaron da zai raba dare yana addu'a kafin jarrabawar ilimin sassan jiki ba sai an gamsar da shi cewa imani yana da tasiri a zuciyar mara lafiya ba. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ɗaukar tambayar majinyaci game da ibadarsa a matsayin aikin asibiti, daidai da auna zafin jiki ko tambayar maganin da jikin mutum ba ya karɓa.

Masu bincike kan auna ra'ayin ɗalibai game da kula da imanin majinyaci da takardar tambayoyi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su a ɓangaren jinya ita ce ta Wilfred McSherry na Ingila, mai jimloli 17, inda ɗalibi zai zaɓi matsayinsa a kan kowacce daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba". Amsar da ke dawowa daga ƙasashe daban-daban kusan iri ɗaya ce: abin yana da muhimmanci, ba a koya mana yadda ake yi ba, muna tsoron ɓata wa majinyaci rai, kuma babu lokaci. A wurinmu sai a karanta irin wannan sakamako da taka-tsantsan, domin wane ɗalibi ne a Najeriya zai ɗauki biro ya rubuta cewa addini ba shi da muhimmanci? Sai an bi shi bakin gado ake sanin inda ya tsaya.

Kalmar da ake amfani da ita a Turance, "spirituality", ita kanta ma tana da tarko. Abin da littattafan Turai ke nufi shi ne inda mutum yake samun ma'anar rayuwarsa da natsuwa da fata, ko da addini ko babu. In aka juya maganar kai-tsaye aka ce wa dattijo a Agege "kuna da wata buƙata ta ruhaniya?", rauhanai ne za su faɗo masa a rai, ya zaci ana tambayarsa ko yana da iska. Bahaushe yana da nasa kalmomin: ibada, tawakkali, ƙaddara, haƙuri, kwanciyar hankali, cikawa da imani. Da su ake tambaya.

Halin da aka fi gani a wajen ɗalibai shi ne kau da kai. "Wannan na liman ne da fasto, ni magani na zo koya." Daga zagayen safe suke ɗauko shi. Ɗalibi yana lura da abin da babban likita ke tambaya da abin da yake tsallakewa, kuma ya san abin da ba a tambaya a zagaye ba zai fito a jarrabawa ba. Wanda ya shigo da zumuɗin sauraron mutane, kafin ya kai shekara ta shida ya iya gabatar da majinyaci cikin minti uku ba tare da ya ambaci abin da ke hana mutumin barci ba.

Alhali maganar ta daɗe da shiga ilimin likitanci. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ita ta nuna cewa raɗaɗin mai ciwon daji haɗaka ne: na jiki, na zuciya, na iyali da aljihu, da na tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma in aka bar sauran, maganin kashe zafi kaɗai ba ya wadatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci wannan ɓangare a ma'anar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi da ta fitar a 2002. A 2007 Tracy Balboni da abokan aikinta a Amurka suka wallafa abin da suka ji daga masu ciwon daji 230 da ciwonsu ya yi nisa: kashi 88 cikin ɗari sun ce addini yana da muhimmanci gare su, kashi 72 sun ce asibiti bai kula da wannan buƙata ba, ko kuwa kulawar ba ta taka kara ta karya ba. Wani binciken na Kenneth Pargament da Harold Koenig da ya fito a 2001 ya bi majinyata 596 masu shekara 55 zuwa sama har shekara biyu, ya tarar mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda ke jin Allah ya yasar da su ko ya daina ƙaunarsu. Wannan na biyun ya kamata ɗalibi ya riƙe da kyau. Matar da ta gaskata cewa ciwon nononta horo ne kan wani laifi da ta yi, ba ta cin abinci, ba ta barci, kuma ba lalle ta dawo zagaye na biyu na magani ba.

Hali na biyu ya fi na farko haɗari, ko da yake da kyakkyawar niyya ake yinsa. Shi ne na ɗalibin da ya ji an ce a kula da imanin majinyaci, sai ya fahimci an ba shi izinin wa'azi. Wannan ta ɗora hannu a kan mai naƙuda ta fara addu'a ba a roƙe ta ba, wancan ya ga laya a damtsen tsoho ya fara karanto masa hukuncin shirka. Mutumin da ke kwance da robar fitsari, rabin jikinsa a buɗe, yana jiran wanda zai rubuta masa magani, ba shi da bakin cewa a'a. Zai ce amin, amma gobe ba zai faɗa maka gaskiyar abin da yake sha ba. Ƙa'idar gajeriya ce: daga majinyaci maganar addu'a ke farawa. In ya ce "ɗana, ka sa ni a addu'a," ka ce "Allah ya ba ku lafiya, Baba," ko ka tsaya shiru har ya shafa. In addininku ba ɗaya ba ne, tsayuwar cikin girmamawa ta isa, sannan a tambaye shi wa za a kira masa. "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi" gaisuwa ce, ba ita ake hanawa ba. Abin da ake hanawa shi ne fassara wa mutum dalilin ciwonsa, da yi masa alkawarin warkewa da sunan Allah alhali hoto ya nuna ciwon ya bazu har hanta.

Akwai hali na uku da ya shafi 'ya'yanmu kai-tsaye. Ɗalibi mai jin Hausa a asibitin Legas ba ya rasa aiki. Da an kwantar da ɗan dako daga kasuwar Mile 12, ko mahauci daga mayankar Oko-Oba, ko matar wani daga Alaba Rago da ba ta jin Turanci ko Yarabanci, shi za a aika a kira. Nan sai ya ɗauka tunda ɗan gida ne ya riga ya san amsa. To, ba duk mai jin Hausa ne Musulmi ba; Legas cike take da mutanen kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da ke ibada da Hausa a coci. Musulmin ma ba bakinsu ɗaya ba kan rubutun sha da laya. Abin da ɗan ɗariƙa ya gada daga malaminsa ɗan Izala na iya ƙyamarsa, kuma gadon asibiti ba zauren muƙabala ba ne. Babbar ɓarnar tafinta kuwa ita ce tace magana. Likita ya ce "faɗa masa ƙafar ba za ta tsira ba, sai an yanke," tafinta ya juya ya ce "Baba, sai haƙuri, komai na Allah ne." Baba ya ce "haka ne," tafinta ya ce wa likita ya amince. Ba a faɗa masa komai ba, bai amince da komai ba. Haka nan "da sauƙi". Bahaushe yana iya kasancewa a bakin mutuwa, ka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, domin ƙorafi a ganinsa rashin godiya ne. In aka mayar wa likita wannan a matsayin "ya samu sauƙi", ladabinsa ya ja an rage masa maganin zafi ke nan. Sai an zagayo ta wata hanya: jiya kun samu barci? Kuna iya juyawa ba tare da an kama ku ba? In mafi tsananin zafi goma ne, na yanzu nawa ne?

Yadda ake tambayar

Christina Puchalski ta Jami'ar George Washington ta tsara tambayoyi huɗu a 1996 da aka sani da FICA, akwai kuma wani tsarin mai suna HOPE da ya fito a 2001. 'Yan mintuna kaɗan suke ci. Abin da huɗun ke nema: me mutum ya dogara da shi, yaya wannan ke shafar shawararsa kan magani, su wa ke tare da shi, me yake so asibiti ya yi masa a kai. Ba a yin su a ɗakin gaggawa mutum na zubar da jini. Lokacinsu ranar kwantarwa bayan hankali ya kwanta, da kafin tiyata, da ranar da za a faɗi mummunan sakamako, da duk ciwon da za a daɗe ana jinyarsa. A ja labule, a zauna, kada a tsaya a kan mutum.

"Baba, a cikin wannan jinya me ya fi ba ku ƙarfin zuciya?" "Akwai wani abu na ibada da kwanciyar nan ta hana ku, wanda ya dame ku?" "Akwai magani ko aikin da addininku ba zai bar ku ku karɓa ba?" "Ban da na asibiti, me ake kawo muku daga gida, na sha ko na shafawa ko na hayaƙi?" A lura da yadda aka gina ta ƙarshen. In ka ce "kuna shan maganin gargajiya?", a'a za ka ji, don ya san faɗa za a yi masa, kuma a wurinsa rubutu da zamzam da habbatus sauda ba gargajiya ba ne. In ka ce "me ake kawo muku", ka nuna ka san ana kawowa, sai ya saki jiki.

Tambayar "su wa ke tare da ku" ta fi nauyi a Legas fiye da a Kano. Ɗan ci-rani mai shayi ko mai facin takalmi iyalinsa na Katsina ko Maraɗi, tafiyar kwana da yini. Wanda zai sayo magani, ya nemo masu ba da jini, ya karɓi gawa in ta Allah ta kasance, shi ne maigidan da ya sauke shi, ko limamin masallacin da yake salla, ko fadar Sarkin Hausawan unguwar, irin ta Agege ko ta Idi-Araba. Lambar wayar wannan mutum ta fi kalmar "Musulunci" amfani a fayil.

Azumi

Inda rashin tambaya ya fi yin ɓarna a fili shi ne Ramadan. Alƙur'ani ya ɗauke wa mara lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, amma mutane suna yi. Binciken EPIDIAR da aka buga a 2004, wanda ya ƙunshi masu ciwon suga fiye da 12,000 a ƙasashe 13, ya nuna kashi 79 na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya sun azumci aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninka sau 7.5 a masu nau'i na biyu. Ɗalibin da ya ce wa Hajiya "kada ku yi azumi" ya rufe fayil bai hana ta ba. Za ta yi a ɓoye, ta sha gilibenkilamid ɗinta, wanda aka fi sani da Daonil, da sahur kamar kullum, ta yanke jiki ta faɗi da la'asar a shagonta. A Legas daga alfijir zuwa magariba awa 13 ne da 'yan kai, ga zafi ga gumi.

Abin da ya dace shi ne a fara maganar mako shida zuwa takwas kafin ganin wata, kamar yadda jagorar haɗin gwiwa ta ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, da ƙungiyar masana ciwon suga da Ramadan, DAR, ta tanada. A ware waɗanda azumi babban haɗari ne gare su: mai nau'i na ɗaya da sugansa bai daidaita ba, wanda sugansa ya yi mummunar faɗuwa a 'yan watannin nan, mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, mai suga da ke da juna biyu. Su a gaya musu ƙarara, in da hali a gaban malamin da suka yarda da shi, don kalmar rangwame daga bakinsa ta fi shiga. Sauran a gyara musu lokacin magani. Metfomin mai sau biyu ya koma buɗa-baki da sahur, mai sau uku a haɗe na rana da na buɗa-baki. Gilibenkilamid ana gudunsa, gilikilazid ya fi shi aminci. Insulin mai dogon aiki akan rage shi da kashi 15 zuwa 30, a mayar da shi buɗa-baki. Ba ɗalibi ke canja adadi ba. Nasa shi ne ya gano mutum zai yi azumi, ya kai wa na gaba da shi. Sannan a koya wa majinyaci lambobi biyu: in na'urar gwaji mai auna miligiram ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko jiri da gumi da rawar jiki suka taso, a karya azumin nan take, ko da saura minti goma a sha ruwa. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Da yawa ba su san haka ba, sai su ajiye na'urar a watan da suka fi buƙatarta.

Ba masu suga kaɗai ba. Mai shan ƙwayar ƙanjamau ta sau ɗaya a rana ana iya mayar masa da ita dare. Maganin hawan jini mai sa fitsari in aka sha da sahur jiki kan bushe kafin yamma. Maganin kashe ƙwayoyin cuta mai sau uku ko huɗu ba ya dunƙuluwa tsakanin magariba da asuba. Ko dai a nemi mai sau biyu, ko a ajiye azumin a rama. Ɗigon ido kuwa akwai saɓani a kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a 1997 ta ce ba ya karyawa muddin ba a haɗiye abin da ya gangaro ba, amma a mazhabar Malikiyya da akasarin Hausawa ke bi, in ya kai maƙogwaro ya karya. Mai hawan jinin ido da ya ji haka zai daina ɗigawa wata guda cur, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. A nuna masa ya danne kusurwar ido ta wajen hanci minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa, ko a tsara masa ɗigon bayan magariba da kafin alfijir.

Salla kuma ba ta faɗuwa a kan mai hankali, shi ya sa dattijon da aka sa wa robar fitsari kan shiga damuwar da ba zai iya faɗa wa ma'aikaciyar jinya sa'ar jikarsa ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya warware batun tsayuwa: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe. Taimama na cikin Ma'ida aya ta 6, shafa a kan bandeji ko ɗorin karaya sananne ne a fiƙihu, mai yoyon fitsari ma yana da nasa hukuncin. Ɗalibi kada ya yi fatawa. Ya ce akwai sauƙi a kan wannan, ya kira wanda zai yi bayani, ya yi abin da ke hannunsa: ɗan dutse mai tsabta a gefen gado don taimama, nuna alƙibla, wadda daga Legas take kusan digiri 63 daga arewa zuwa gabas, wato ba gabas sak ba, da jinkirta wankin ciwo minti biyar in mutum ya tayar da kabbara. Wanda aka yi wa aikin ido ko na ciki a gaya masa a fili yaushe zai iya sujada, domin in ba a ambata ba zai yi. Macen da ta nemi mace ta duba ta, in akwai a ba ta. In babu a faɗa mata gaskiya, a tsayar da wata mace a ɗakin, a buɗe inda ake dubawa kaɗai.

Kwanon dubiya

Abubuwan da dangi ke shigowa da su ba a yi musu kuɗin goro. Abin dubawa shi ne, zai cutar ko zai jinkirta magani? Tofi, karatun Alƙur'ani a hankali, addu'ar fasto, shafa man zaitun a goshi kamar yadda Kiristoci ke yi bisa Yaƙubu 5:14, a bar su. Ruwan rubutu da na zamzam kuwa ruwa ne, abin da ya hau kan ruwa ya hau kansu. Wanda aka hana ci da sha saboda tiyata, awa shida ga abinci da awa biyu ga ruwa garau, in ya kwankwaɗi kofi guda gab da shiga sai a ɗage aikin, don kada ya amayo ya shaƙe yana cikin maganin barci. Dangi ba su ɗauki rubutu cikin "sha" ba, sai an ambace shi da sunansa. Mai shanyewar ɓarin jiki da haɗiya ta gagara, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, in aka ɗura masa, huhu ruwan zai tafi ya zama nimoniya. A nuna musu su jiƙa auduga su shafa masa a leɓe da fuska. Mai wankin ƙoda da aka ƙayyade wa ruwa, a lissafa rubutun cikin adadin. Zuma ba a ba jaririn da bai kai wata 12 ba. Turaren wuta ba ya shiga inda ake ba da iskar oksijin, kuma yana tayar da asma. Mai ko garin magani a kan ɗinkin tiyata yana jawo ruɓa. Laya da guru da zobe ana cire su kafin tiyata ko hoton MRI saboda ƙarfe, amma mai su ne zai cire ko ya ba da izini, a damƙa wa ɗan'uwansa, a rubuta. Ba a datse laya da almakashi a jefa a kwandon shara.

Jinkiri ya fi yawa a inda aka ce iska ce. Farfaɗiya, jijjigar mai ciki, zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, taɓin hankali, duk an saba fara kai su wajen mai ruƙiyya ko gidan addu'a. Ɗalibin da ya yi murmushi ya ce babu wani aljani a nan ya yi asarar iyalin; a daren za su sa hannu su ɗauke majinyacinsu. Ba a kuma nemi ya ce ya yarda ba. Abin da ke aiki shi ne, "Malam, ku ci gaba da karatunku a gefen gado, mu kuma mu sa mata allurar da za ta tsayar da jijjigar." Jijjigar da ta wuce minti biyar gaggawa ce, kuma mai cikin da ta jijjiga allurar magnesiyam salfet take buƙata da a raba ta da cikin ba da jimawa ba. Irin wannan haɗin ba baƙo ba ne a ƙasar Yarabawa. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda masu taɓin hankali ke zaune da danginsu cikin gari, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Inda ake ja layi shi ne duka, da sa mari, da hana abinci da sunan fitar da aljani, da ce wa mutum ya ajiye ƙwayarsa tunda an yi masa addu'a ya warke. Mai farfaɗiyar da ya yanke magani farat ɗaya yana iya faɗawa jijjigar da ba ta tsayawa. Waɗannan ɗalibi ya kai rahotonsu sama, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba na nan tun 1907.

Doka ma ta yi magana, ɗalibai da yawa kuwa sai sun ci karo da ita suke saninta. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo da kotun ladabtar da likitoci, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani saboda addininsa, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Maganar ta taso ne kan wata Mashaidiyar Jehobah da ta ƙi ƙarin jini. A 2019, a shari'ar Esabunor da Faweya, wadda ta faro daga wani asibiti a Lekki, kotun ta ce wannan iko bai kai kan yaro ba: in iyaye suka hana a ƙara wa jariri jini, kotu na iya ba da umarnin a ceci ransa. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora wa ma'aikaci sanar da majinyaci halin da yake ciki, da zaɓin da ke gabansa, da haƙƙinsa na ƙi da abin da ƙin zai haifar, cikin harshen da yake ji in da hali. Saboda haka maganar jini tun a wajen awon ciki ake yin ta, ba sai jini ya ɓalle a ɗakin haihuwa ba, kuma a tambayi mutum shi kaɗai, don wani yana ƙi ne saboda idon dangi ko 'yan cocinsa. Matar aure baliga ita ke sa hannu a kan tiyatarta. Neman yardar maigida ladabi ne da zaman lafiyar gida, don haka a karɓi lambarsa tun da wuri, maimakon a tsaya jiransa yana maƙale a cunkoson gadar Third Mainland.

In ajali ya matso, Musulmi suna son a bar wani ya zauna kusa yana laƙƙana kalmar shahada, a juya shi alƙibla in gado zai juyu. 'Yan Katolika na son fada ya zo ya shafa mai tun da sauran rai, don haka ba a jira sai numfashi ya ɗauke a kira shi. Bayan cikawa a rufe ido, a ɗaure haɓa, a lulluɓe, namiji ya kula da namiji, mace da mace in zai yiwu. Rigima a kan lokaci take tashi. Dangi na son a yi sutura a yinin, asibiti na jiran takardar shaidar mutuwa da cikon kuɗi, sannan Dokar Binciken Gawa ta Jihar Legas ta 2007 ta sa wasu mace-mace, irin na haɗari da na tashin hankali da na farat ɗaya da ba a san dalilinsu ba, sai an sanar da mai binciken gawa, wanda zai iya ba da umarnin a buɗe ta. Iyalin da aka zaunar a sa'ar farko aka yi musu wannan bayani da Hausa, ga limaminsu ko wakilin sarki a wurin, ba ɗaya suke da waɗanda suka fara ji a ƙofar ɗakin ajiye gawa ba.

Duk wannan ba ya zama ɗabi'a sai ya shiga cikin abin da ake ba da maki a kai. Makarantar da ke son ɗalibanta su iya, ta sa shi a jarrabawar bakin gado: mai suga saura mako shida Ramadan, ko mijin mai jijjiga da ya zo da malaminsa, a ga me ɗalibi zai tambaya cikin minti biyar. Babban likita kuma ya riƙa cewa a zagaye, "me ka samo a gurbin addini?" Amsar da ake nema layi uku ce ko huɗu a fayil, waɗanda ma'aikaciyar jinyar dare za ta karanta ta yi aiki da su: Musulmi ne, yana salla a zaune, yana buƙatar dutsen taimama, ya yi niyyar azumi bayan sallama, an sanar da likitan suga, ƙaninsa na kawo rubutu da yamma, an gaya masa kada a ba shi daga sha biyun daren Talata wayewar Laraba saboda tiyatar safiyar, ba ya ƙin ƙarin jini, in wani abu ya taso a kira limamin masallacinsu, lambarsa na bayan kati.